Aikin da Ba Mu Faɗa wa 'Ya'yanmu Ba

Tambayi duk ɗan kasuwar da ka ga dama a nan Tamanrasat me yake so ɗansa ya zama in ya ƙare karatu. Amsa uku za ka ji: likita, ko ma'aikacin kwastan, ko ya dawo shago ya riƙe littafin bashi. Ban taɓa jin wanda ya ce yana so ɗansa ya zama mai auna gubar da ke cikin ƙasa da ruwa da iska ba. Alhali kuwa, jama'a, mu da muke cin abinci a hanyar Sahara muna cikin waɗanda suka fi kowa bukatar irin wannan mutum.

Arewa da garin nan, tafiyar wajen kilomita 150, akwai wani wuri da ake kira In Eker. A cikin dutsen da ke can Faransa ta yi gwajin bam ɗin nukiliya har sau 13 daga 1961 zuwa 1966. Ranar 1 ga Mayu, 1962, ramin da aka toshe ya kasa riƙe ƙarfin bam ɗin, hayaƙi da narkakken dutse suka fito fili, har ƙurar ta sauka kan sojoji da ministoci biyu na Faransa da suka zo kallo. Da Turawan suka tafi, talakawa suka riƙa shiga suna kwashe wayoyin jan ƙarfe da tsofaffin ƙarafa suna sayarwa. Ba laifinsu ba ne. Ƙarfen ba ya wari, ba ya ƙuna a hannu. Sai a 1999 masanan hukumar nukiliya ta duniya suka zo suka yi awo a wurin, kuma sai a 2021 Aljeriya ta kafa hukuma ta musamman don gyaran waɗannan filaye. Irin haka ta faru a Arlit, inda masu bincike suka sa na'ura a kan ƙarafan da ake sayarwa a kasuwa, suka iske wasu na ɗauke da burɓushin ma'adinin yuraniyom. To, su wa ke saye da sayar da tsofaffin ƙarafa a garuruwan nan? Mu ne da 'yan'uwanmu.

Abin da na fahimta, bayan 'yan karance-karancena, aikin nan hawa uku ne.

Na farko masu doka da sa ido. Su ke cewa ga iyakar gubar da aka yarda ta kasance a ruwan sha, su ke duba takardun kamfani kafin a ba shi izinin haƙa ko gini, su ke rufe wurin da ya ƙetare iyaka. A Najeriya akwai NESREA da aka kafa a 2007. Aiki ne na mai ƙarfin zuciya, don wanda za ka ci tararsa sau da yawa ya fi ka kuɗi ya fi ka daɗin baki.

Na biyu masu auna haɗari. Su lissafinsu kamar namu yake na riba da faɗuwa. Tambaya uku suke yi: wace guba ce kuma nawa ce, ta wace hanya za ta kai ga mutum, wane ne zai same ta kuma tsawon wane lokaci. Ƙasar da ba za ta yi wa babba komai ba tana iya kashe yaro mai rarrafe, saboda shi hannunsa daga ƙasa sai baki.

Na uku masu tsaftacewa. Zamfara ta nuna mana darajarsu. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da ake dakawa a cikin gidaje ta kashe yara sama da 400. Likitocin MSF suna da magani, amma maganin ba ya amfani in yaro zai koma tsakar gidan da ya ɗauko cutar. Dole sai da aka kankare ƙasar saman gidaje a Dareta da 'Yargalma, daga baya Bagega a 2013, aka binne ta a rami nesa da gari, aka zubo sabuwa. Ka ga ke nan, likita ma jiran mai awo da mai shebur ya yi.

Akwai kuma wani reshe na aikin da ya shafi ɗakunan da muke kwana. Fetur ko ruwan wankin injin da ya daɗe yana zuba a ƙasa ba ya ɓacewa duka. Yana nutsewa, sa'an nan tururinsa ya riƙa tasowa a hankali ta tsagar daɓe da gefen bututu, ya taru a cikin ɗaki. A cikin tururin fetur akwai sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini. Yanzu ka duba yadda muke zaune: garejin jiya shi ne ɗakin hayar yau, ɗakin da aka shekara ana jibge jarkokin mai shi ne aka share aka sa amarya. Ga sanyin Tamanrasat, in hunturu ya kama kowa ya toshe taga da tsumma. Hancin mutum kuwa saurin sabo gare shi, kwana biyu ya daina jin wari. Masu wannan sana'a sukan huda daɓe su zuƙo iskar ƙarƙashinsa su auna. In ta yi yawa, sai su toshe tsagogi, su sa bututu da ƙaramar fanka mai jan tururin daga ƙarƙashin gida ta fitar da shi saman rufi. Dabara ce mai sauƙi, amma sai wanda ya karanta zai san inda zai huda da abin da lambobin ke nufi.

Hanyar shiga aikin ba ɓoyayyiya ba ce. Yaro ya riƙe lissafi da ilimin sinadarai tun daga sakandare, sa'an nan ya karanta kimiyyar muhalli, ko ilimin duwatsu da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ko lafiyar al'umma. Jami'ar Bayero a Kano tana nan, ta Abdu Mumuni a Yamai tana nan, Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya har cibiyar binciken makamashin nukiliya gare ta. Kuma 'ya'yanmu suna da jarin da baƙon masani bai da shi. Yaron da ya tashi a nan yana jin Hausa da Larabci da Faransanci, wani har da Buzanci. Shi zai iya zama kan tabarma ya yi wa tsohuwa bayanin abin da ya sa ba za a ƙara daka dutse kusa da murhu ba, ta kuma yarda. 'Ya mace ma ta fi, don gubar cikin gida take, kuma ba kowane namiji ake bari ya wuce zaure ba.

Ba zan ce aikin zai kawo kuɗi irin na tirela ɗaya ta dabino ba. Amma haƙar zinariya ƙaruwa take yi daga Jado har zuwa nan, gidajen mai ƙaruwa suke, kuma duk ramin da aka haƙa yau wani ne zai zo ya auna shi gobe. In ba mu tura namu ba, haka za mu ci gaba da jiran baƙo ya zo bayan shekara talatin ya faɗa mana abin da muka shaƙa. Kai da kake biyan kuɗin makaranta da guminka, in an yi hutu ka zaunar da yaron nan mai son lissafi, ka faɗa masa akwai wannan aikin. Allah ya raya mana su, ya tsare mu daga abin da ido ba ya gani.