DAGA LOKESHIN ZUWA FAGEN KOKAWA: TAFIYARMU DABAI

Duk wanda ya taɓa zuwa wurin shutin ya san akwai mutanen da ba a ganinsu a fosta. Akwai mai jan waya, akwai mai ɗaukar janareto, akwai kuma mai riƙe fitila, wanda in hannunsa ya gaji ya ɗan karkace darakta ya daka masa tsawa a gaban jaruma. To wannan tafiya da zan ba ku labari, mai riƙe fitila ne sanadinta. Yaro ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, baƙi, gajere, ƙirji kamar turmi. Shekararsa huɗu a Kano, kuma a industiri ba wanda ke kiran sunansa na yanka, kowa Ɗan Dabai yake ce masa.

Wata rana ana hutun cin abinci na gan shi ya ware gefe yana sauraren saƙon murya a waya, ya maimaita ya fi sau uku. Na ce, "Ƙanena, lafiya dai?" Ya ce, "Oga, kawuna ne. Wai sa'o'ina suna cewa shinkafa da waken Kano ta kashe mini jiki, in na isa in zo Uhola a gwada ni a fage." Ya yi dariya, amma dariyar ba ta kai ciki ba. Sai daga baya na gano akwai yarinya a maganar. A al'adarsu ta da, saurayi kan shiga golmo, wato shi da abokansa su riƙa yi wa uban yarinya noma shekara da shekaru, har takan kai bakwai, kafin a ba shi mata. Shi kuwa bai yi ba, Kano ya taho, kuɗi yake aikawa. Iyayen sun karɓa, amma yayyenta maza ba su daina yi masa kallon wanda ya gudu daga gona ba.

Wata biyu ya yi yana shiri, kuma shirin talaka ne. Bayan asuba zai yi gudu a titin Gidan Zoo kafin motoci su yi yawa. A lokeshin ya hana kowa taɓa janareto, shi kaɗai ke ɗagawa ya sauke. Da yamma yana zuwa wani fili a bayan unguwarsu ya yi ta kamawa da wasu masu tura kura. Ya daina shan lemon kwalba, ya koma tuwon dawa da kunu. Matsalar ɗaya ita ce hutu. Daraktan da yake yi wa aiki ya ce kwana biyar ya ba shi, in ya ƙara ko ɗaya to ya tarar da wani riƙe da fitilar. Kun dai san halin sana'ar nan, masu jiran gurbi sun fi gurbin yawa.

Ni da wani abokina mai ɗaukar hoto muka ce za mu raka shi. Shi abokin nawa ya daɗe yana ƙorafin cewa fina-finanmu sun cinye Tiga da lambunan Kano da duwatsun Jos, kullum waƙa a wuri ɗaya, bishiyar ma mai kallo ya haddace ta. Ya ce bari ya je ya ga duwatsun Zuru da idonsa. Muka haɗa kaya: kyamara ɗaya, batura huɗu, rigunan sanyi, man zafi, garin kwaki da sukari, da naɗin salatif guda, wanda ɗan fim ba ya tafiya ba shi.

Sai maganar hanya, wadda ta fi komai cin mana lokaci. Akwai ta Kwantagora da Rijau, akwai ta Gusau a bi Anka da Daki Takwas a gangara, ita ce ma ta fi kusa a taswira. Amma ƙasar Zuru ta sha wuya a hannun 'yan bindiga. A watan Maris na 2022 an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe sama da mutum 60, sannan a Nuwamba 2025 aka sace 'yan mata 'yan makaranta a Maga. Kawun yaron ya ce kada mu yi gardama, mu zaga ta Sakkwato, kuma kada magariba ta same mu a daji. Wato kwana biyu zuwa, kwana biyu dawowa, kwana ɗaya tak a gida. Ɗan Dabai ya ƙirga da yatsu, ya ce ya isa.

Ranar farko ba abin labari. Gwarzo, Malumfashi, Funtuwa, Tsafe, Gusau, Talatar Mafara, kowa ya yi tsit a mota in an shiga inda ba gari, in an fito a ci gaba da hira kamar ba a yi ba. Muka kwana a Sakkwato a ɗakin wani ɗan'uwan sana'a.

Washegari muka ɗauki hanyar Jega cikin hazo da sanyin da ke shiga ƙashi. Ina ta ƙorafi, sai mai ɗaukar hoton nan ya ce in bari ya nuna mini masu sanyi na gaske. Ya buɗe mana wani bidiyo a wayarsa. Wani dutse ne a jihar Washington ta Amurka, kusa da iyakar Kanada, ana ce masa Baker, inda tun 1985 ake wata gasar zamiya a kan ƙanƙara. Mutum zai ɗaure ƙafafunsa biyu a kan allo guda, ya sulalo ta cikin wani kwari mai lanƙwasa, ya hau bangon dama ya faɗo na hagu yana kewaye tutoci, wanda ya fi saurin isa ƙasa shi ya ci. A bakin rumfar da ake tashi ma an rubuta wa mai shirin sulalowa ya yi addu'arsa tukuna. Abin da ya ba mu dariya shi ne kyautar. Ba a ba da kuɗi, naɗin salatif ake fesa wa fenti ruwan zinariya a miƙa wa gwani, amma mutane na tasowa daga Turai da Japan saboda shi. Direbanmu ya ce, "Kai, Nasara ma dai akwai wauta." Ɗan Dabai bai ce komai ba, ya karɓi wayar ya sake kallo daga farko.

A Aliero muka tsaya sayen albasa, don garin ya yi suna a kanta, kamar yadda ya yi suna da masu ɗori. Direba ya leƙo ya ce, "To ɗan kokawa, ka riƙe hanyar nan da kyau, wataƙila da dawowa nan za mu sauke ka." Daga Jega muka miƙa Koko, a nan muka bar babban titin Yawuri muka karya gabas, ta Mahuta. Tun daga nan ƙasa ta fara sauya kama. Shimfiɗaɗɗen filin nan na Sakkwato ya ƙare, aka shiga tuddai da duwatsu, bishiyoyi suka ƙaru, ga karan dawa jibge a gonaki an gama girbi. Mai hoto ya sa aka tsaya har sau uku, sai da direba ya tuna masa maganar magariba.

La'asar sakaliya muka shiga Dabai. Garin dab yake da Zuru, tafiyar 'yan mintoci ce a babur, kuma ɗaya ne daga masarautu biyar da suka haɗu suka yi ƙasar Zuru, tare da Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu. Tun da aka ƙirƙiro jihar Kebbi a 1991 suke cikinta. Mu Hausawa Dakarkari muke ce musu, su kuwa Lelna suke kiran kansu, harshensu C'lela, ko da yake da wuya ka sami wanda bai iya Hausa ba. In ka ji an ce Zuru gidan soja ce, ba zuƙi ba ne. Janar Ishaya Bamaiyi da ya shugabanci sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999 ɗan nan ne, haka Janar Tanko Ayuba da ya yi gwamnan Kaduna, haka shi kansa marigayi Sarkin Zuru, Janar Muhammadu Sani Sami, tsohon gwamnan Bauchi, wanda ya rasu a watan Agusta 2025. A gidan da muka sauka kaɗai hotunan masu kaki uku na gani a bango.

Gidan kawun ya ba ni mamaki. Shi Musulmi ne, ƙanwarsa da ke dafa mana tuwo Kirista ce, kakarsu kuma tana nan kan na gargajiya, duk a tsakar gida ɗaya. Da aka fito da abin sha na biki, ba wanda ya miƙo mana, kunu aka kawo mana a ƙwarya daban, aka kuma shimfiɗa mana tabarmar salla ba tare da mun tambaya ba. Da daddare kawun ya ba mu labarin yadda a da in babban ɗan kokawa ko maharbi ya mutu, mata magina ke gina masa tukwane masu siffar dabba ko mutum a ɗora a kan kabarinsa, don mai wucewa ya san wanda ke kwance. Ya dubi ɗan ƙanwarsa ya ce, "Kai kuma fitila za a gina maka." Kowa ya fashe da dariya ban da shi.

Uhola biki ne na godiya bayan kaka, kuma a nan ake yaye samarin da suka gama golmo. Tun hantsi ake kiɗa, 'yan mata sun sha ado da duwatsun wuya, samari na rawa a jere, ƙura ta tashi har mai hoto ya naɗe kyamararsa da rawani. Kokawa sai da rana ta yi sanyi. Ba dandamali, ba tikiti, jama'a ce ta yi da'ira, yara a gaba, wasu a kan bishiya.

Na farko da aka haɗa shi da shi dogo ne, ya kuma shigo da raini. Suka sunkuya, suka yi ta taɓa kan juna, can dogon ya kawo hannu, yaronmu ya shige ƙarƙashinsa ya sunkuce shi kamar janareto ya nana da ƙasa. Wallahi ban san lokacin da na yi ihu ba, har na taka ƙafar wata tsohuwa. Na biyun kuwa yayan yarinyar ne da kansa, wanda bai taɓa barin gona ba. Nan aka daɗe. Sau biyu Ɗan Dabai na kai masa taɗiya yana tsallakewa, numfashin yaron ya fara fita da ƙarfi, mu da ke kusa muna ji. Ya sake kai hannu ƙafa, ashe abin da ake jira ke nan. Aka danne masa wuya aka murɗa, sai ga shi a ƙasa, hannun hagu a ƙarƙashinsa.

Ya ɗan jima bai tashi ba. Wanda ya kayar da shi ne ya miƙa masa hannu ya ɗaga shi, ya kakkaɓe masa ƙasa a baya, ya faɗa masa wata magana da yarensu, mutanen kusa suka yi sowa. Na tambayi kawu me ya ce. Ya ce, "Cewa ya yi baɗi ya zo da wuri, akwai sauran huɗa a gonar babansu."

Wuyan hannun ya kumbura kafin isha. Kakar ta shafa masa wani magani, muka ƙara da man zafinmu, mai hoto ya ciro salatif ɗin nan ya naɗe masa a kan tsumma, sannan ya ɗora masa sauran naɗin a cinya ya ce ga kyautarsa, fentin zinariyar sai mun koma Kano. Yarinyar ta aiko ƙanenta da gyaɗa soyayya a leda, ba ta zo da kanta ba.

Da asuba muka kama hanyar Mahuta. Mai hoto ya cika kati biyu da duwatsu da rawa, yana ta lissafin yadda zai shawo kan wani furodusa ya kawo shutin nan, ni kuma ina tunanin wace jarumar ce za ta yarda ta kwana biyu a mota. A Aliero direba ya rage gudu ya waiwayo, Ɗan Dabai ya ce a wuce, targaɗe ne kawai. Muna shiga Tambuwal waya ta kama, sai ga kiran darakta yana tambaya ko jibi da safe zai ga mai fitilarsa.

"In sha Allahu, Oga," in ji shi. "Amma da hannun dama zan riƙe."