Ranar da Na San Rawaya a Dajin Kagoma

Yau ina so in ba ku labarin wata kunya da na sha, wadda daga baya ta zame mini ilimi.

Kakana ya zo Kafanchan daga ƙasar Kano bayan layin dogo ya iso garin a 1927. Mahaifina kuwa fataucin citta ne ya kai shi Fadan Kagoma, kuma nan na tashi ina ɗinkin buhu da lissafin mudu. In ka tambaye ni citta mai kyau, da hannu kawai zan gane ta. Amma da zarar an bar bakin titi an shiga daji, to ni da makaho duk ɗaya.

A hunturun bara ƙanena ya kwanta, idanunsa suka canza launi, aka kai shi asibiti aka ce shawara ce. Kakarmu ta ce lallai sai an samo mata saiwar rawaya. Na je kasuwa wani ya auna mini gari mai ruwan ɗorawa, na kawo ina murna. Tana shinshinawa ta ce, "Kai miji na banza, ai wannan gangamau ne. An haife ka a nan ba ka san rawaya ba?" Wallahi sai ranar na san cewa rawaya tsiro ce, da ina zaton sunan launi ne kurum. Ashe daga gare ta launin ya samo suna.

Matambayi ba ya ɓata. Na tafi wajen wani dattijo ɗan ƙabilar Gwong wanda mahaifina ya shekara fiye da ashirin yana sayen citta a hannunsa. Na durƙusa na ce, "Baba, na zo a koya mini." Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, kullum sikeli kuke kawo mana, yau kuma kunne ka kawo?" Ya ɗauki fartanya muka nufi wani fili bayan gonarsa inda wuta ta ci ciyawa.

Ga abin da ya nuna mini, don wani ya amfana. Da rani, bayan an ƙona daji, furen rawaya yakan fito dab da ƙasa, cikin toka, babu ganye ko ɗaya tare da shi. Furen babba ne, kunnuwansa 5, tsakiyarsa cike da siraran zaruruwa masu yawa. Ganyen sai damina yake fitowa, a rarrabe kamar yatsun hannu. 'Ya'yan in sun bushe sukan fashe, ka ga wani abu kamar auduga a ciki. Saiwar kauri gare ta kamar itace, in ka sare ta cikinta ya rina maka yatsu. Akwai kuma 'yar uwarta mai tsawo, wadda kan kai tsayin mutum, ita tana fure ne da ganyenta a jiki wajen ƙarshen damina. Gangamau kuwa shuka shi ake yi, saiwarsa kamar ta citta, kuma ƙamshinsa kaɗai ya isa ya tona shi. Gani ya kori ji.

Da na kama tono da ƙarfi sai Baba ya riƙe hannuna. Ya ce a yanki gefe a mai da ƙasa, don baɗi ma wani zai zo nema. Wannan ya tuna mini labarin wani furen daji a Ingila, mai leɓe ruwan ɗorawa kamar takalmin mata, wanda masu tono suka yi ta kwasa har aka ce ya ƙare a 1917. Sai a 1930 aka ga guda ɗaya tak a yankin Yokshaya, aka shiga gadinsa shekara da shekaru. Baba bai taɓa jin wannan labari ba, amma ya riga su sanin dokar.

Ƙanena ya warke, alhamdu lillahi. Likita ya ce kada a haɗa masa wani jiƙo da maganinsa, muka bi, Kaka ta shanya saiwarta ta adana. Don Allah duk wanda ya ga alamar shawara ya fara da asibiti.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wannan. Mukan ji zafi in an kira mu baƙi a ƙasar da aka binne cibiyarmu, musamman tun rikicin 2011 da aka ƙona kasuwar Kafanchan, kowa ya koma gefensa. Zafin nan gaskiya ne. Amma ni da nake cewa nan ne gida, ban san abin da ke tsirowa a bayan gidan ba, kuma wanda ya sani yana zuwa shagonmu duk mako ban taɓa tambayarsa komai ba sai farashi.

Na yi wa Baba alkawarin komawa da damina in ga ganyen da idona. Ya ce in zo da littafi, zai faɗa mini sunayen itatuwa da harshen Gwong, ni kuma in tambayo Kaka na Hausa. Allah ya kai mu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.