Noti Huɗu

Mahaifina kafinta ne a Fassi, cikin ƙaramar hukumar Kibiya. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana haɗa wa mutanen yankinmu ƙofofi da gadaje da akwatunan amare, kuma daga Tarai har Rano ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Kafin ya kama zarto ya zauna a hannun wani kawunsa mai haɗa wa mafarauta garaya, amma wannan tarihi ne da ba ya son a tono. A wurinsa kiɗa abu ne da ƙuruciya ta zo da shi ta kuma tafi da abinta.

Ni kuwa a hunturun shekarar da nake ba da labarinta ban daɗe da dawowa daga Kano ba, bayan shekara biyu ina koyon gyaran rediyo da talabijin a Sabon Gari. Na dawo da 'yan kayan aiki a jaka da kuma girman kai da ya fi jakar nauyi. Baba ya ware mini gefen rumfarsa, ina gyaran rediyo ƙura tana zubo mini daga bencinsa, kowa yana ganin sana'arsa ce ta gaske.

Wata Laraba da hantsi wani Buzu ya sauka daga kan babur rungume da buhu. Mutumin Agadas ne, yana gadi a wani gidan mai a hanyar Rano. Ya gaida Baba, ya kwance buhun, sai ga amfilifayar jita, irin wadda injin da lasifikar suke cikin akwati ɗaya. Ya ajiye ta a ɗakin gadi tun damina, gara kuwa ta cinye allon gaban da lasifikar take manne a jiki, har ta zube ciki tana reto da waya. Ranar Asabar danginsa suna da biki a Kano, shi ne makaɗin, kuma da abin da zai samu yake sa ran aika wa iyalinsa kuɗin gero.

"Baba, lasifikar nan ba ni da wata," in ji shi. "In ta mutu, na mutu."

Baba ya dubi akwatin, ya dube ni. "Katako nawa ne, waya taka ce. Sai ka faɗa mini yadda ake so."

Ranar na ji kaina ya ƙara girma. Na zauna na yi musu bayanin abin da na koya. Lasifika faifai ce ta takarda mai siffar malafa. A tsakiyarta akwai siririn naɗin wayar tagulla da yake kai da komo cikin wani ɗan tsagi a jikin maganaɗisu, tsagin da ƙyar gashi yake ratsa gefensa. Wannan tsari tun 1925 wasu injiniyoyi biyu na Amurka, Rice da Kellogg, suka fito da shi. Idan faifan ya tura iska gaba, a lokaci guda yana janye ta daga baya. In babu allo tsakani, iskar gaba sai ta zagaya ta cike gurbin ta baya, kaurin sauti ya ɓace, a bar ka da ƙara kamar ta gwangwani. Aikin allon ke nan: ya raba gaba da baya.

Sannan na zo kan abin da na fi so in nuna gwanintata a kai. Hanya biyu ake ɗaura lasifika. Ko dai a shigo da ita ta cikin akwati a manna bakinta a bayan allo, ko a zura ta ta gaba bakinta ya kwanta a kan fuskar allon. Tsofaffin akwatunan Fender na Kalifoniya, masu buɗaɗɗen baya, ta ciki ake ɗaura musu. Haka ma manyan rufaffun akwatuna masu lasifika huɗu da Jim Marshall ya shahara da su a Ingila bayan ya fara ƙera amfilifaya a 1962. Ta Buzun ma ta ciki take. Amma ni na ce wannan tsohon yayi ne. Idan lasifika tana bayan allo, kaurin katakon yakan zame mata kamar ɗan gajeren maƙogwaro da sautin zai bi kafin ya fita, siraran muryoyi su riƙa bugun gefen ramin. Idan tana gaba kuwa, babu abin da ya tare ta. Na yanke hukunci: ta gaba za mu sa.

Baba bai yi gardama ba. Ya yanka allon daga wani falanki da na zaɓa da kaina saboda kaurinsa, ya huda rami mai faɗin kusan inci goma sha ɗaya domin lasifika mai inci goma sha biyu. Da ya miƙo mini sai ya ce, "Falankin nan hunturu ya ɗan karkata shi. Bari in kankare." Na ce babu lokaci, noti zai miƙar da shi.

Noti huɗu ne. Na fara da na sama, na ɗaure shi har sai da hannuna ya yi ja, na bi na kusa da shi, na zagaya. A tunanina ƙarfi shi ne inganci.

Bayan magariba muka ta da janareta. Buzun ya jona jitarsa, ya taɓa tsirkiya ɗaya. Sautin da ya fito ba zan manta da shi ba: kamar ƙudan zuma da aka rufe a kwalba. Ya sake taɓa ta ƙasa mai kauri, sai wani karce ya biyo bayanta. Ya ɗora hannu a kan tsirkiyoyin ya yi shiru. Yaran unguwa da suka taru suka fara dariya, ni kuwa gumi ya keto mini cikin sanyin nan, domin na san ma'anar wannan karce: naɗin wayar yana gugar maganaɗisu. In aka ci gaba, zai goge ya lalace, kuma babu inda za a samo wata kafin Asabar, ko da akwai kuɗin.

Baba ya taso daga kan buzunsa na salla. Ya ce wa mutumin ya sake kaɗawa a hankali. Bai kai kunne ba, tafin hannunsa ya shimfiɗa a kan allon, yana matsar da shi daga kusurwa zuwa kusurwa. Can sai ya ce, "Kawo abin kwancewa."

Ya sassauta noti ɗaya da rabin juyi, ya tsallake zuwa na ƙetarensa, ya dawo. A na uku karcen ya ɗauke ɗif. Ashe karkatar falankin da ƙarfin hannuna ne suka murɗe ƙarfen da ke riƙe da faifan, suka kauce da naɗin daga tsakiya. Allah ya sa ƙarfen bai lanƙwashe gaba ɗaya ba.

"Fatar garaya," in ji Baba, bai dubi kowa ba, "ba a ja ta gefe ɗaya. In ka ja gabas sai ka ja yamma, kaɗan-kaɗan, har ta zauna da kanta. Wanda ya matse ta, ya shaƙe ta."

Karo na farko ke nan da na ji kalmar garaya ta fito daga bakinsa.

Washegari da asuba ya ajiye falankina gefe. Ya yanka alluna biyu daga filawud, wanda ba ya saurin karkata, ya goge su har suka kwanta lif. Ya yanko zobe daga tsohuwar robar cikin tayar keke domin ya shiga tsakanin ƙarfe da katako, kada iska ta zurara. Ɗaya muka ɗaura ta gaba, ɗaya ta ciki, muka ce mai kaya ya zaɓa.

Ba zan ce na faɗi a komai ba. Na gaban ya fi haske, kuma ko ka koma gefe, wajen bakin rumfa, kana jin siraran muryoyin sarai. Na cikin ya ɗan fi duhu, sautinsa a tattare. Bambancin bai kai yadda na zuzuta ba. Ko kusa bai kai na noti huɗun nan ba. Har yau makaɗan jita a duniya suna jayayya a kan wannan, kuma ina zaton rabin jayayyar kunne ne da sabo.

Buzun ya daɗe yana kaɗa wani salo nasu mai maimaita kansa kamar tafiyar raƙumi. Daga bisani ya nuna na cikin.

"Wancan ya fi tsabta," in ji shi. "Amma wannan ne muryata."

Baba ya ɗaura allon a jikin akwatin sama da ƙasa kawai, ya bar gefuna ba ƙusa, wai don katakon ma ya samu abin faɗa. Sai daga baya na gano cewa haka aka riƙa yi wa wasu tsofaffin akwatunan Fender a shekarun 1950. Baba bai taɓa jin sunan ba. Bai karɓi ko kwabo ba. Ya ce wannan ba aiki ba ne, gyaran ɓarnar ɗansa ne.

Yanzu kunnen Baba ya yi nauyi, sai an ɗaga murya yake jin sallama. Zarton yana hannun ƙanena, ni kuma masu kayan sauti na bukukuwa daga Kibiya da Rano suna kawo mini akwatunansu. Idan na gama ɗaura lasifika, nakan kira shi. Yakan taso a hankali, ya shimfiɗa tafinsa a kan allon, in sa sauti ƙasa-ƙasa. Wani lokaci ya gyaɗa kai. Wani lokaci kuma ya nuna kusurwar hagu da haɓarsa, in ɗauko abin kwancewa in mayar da rabin juyi.