Ina wasiƙunka suke kwana?

A watan da ya gabata 'yar yayana marigayi ta kawo mini ziyara. Tana da shekara tara lokacin da mahaifinta ya rasu, yanzu kuwa har ta shiga jami'a. Bayan mun gaisa sai ta ce, "Baffa, Umma ta ce lokacin da Abba yake karatu a waje ku kan yi wa juna wasiƙa ta imel. Ina so in karanta, in ji yadda yake magana." Na amsa mata da cewa wannan ai mai sauƙi ne, ta dawo ranar Asabar. Na yi alkawarin ne da ƙarfin gwiwa, domin a zatona duk abin da aka taɓa aiko mini yana nan a ajiye a intanet.

Tun wajen 2009 nake karanta saƙonnina da manhajar Thunderbird, wadda Mozilla ta fitar a 2004, a kan wata kwamfutar tebur. Dalilina shi ne na kowa a wancan zamani: sabis ba shi da ƙarfi, data kuma da tsada. Sai in haɗa intanet na 'yan mintoci, manhajar ta kwaso saƙonni, in kashe, in zauna in karanta a natse. Da wayar hannu ta karɓe wannan aiki a 2017, sai na lulluɓe kwamfutar na tura ta lungu. Kwanan baya ma na yi wa wani maƙwabci alkawarin ba ɗansa ita, har an sa ranar da mai gyara zai zo ya goge duk abin da ke cikinta.

Domin in tattara wasiƙun a wuri guda, na saka Thunderbird a sabuwar kwamfutata. Na ɗauko wani tsohon littafi da na rubuta saituna a ciki, na kwafe su da hannu: ƙofa ta 110 don karɓar saƙo, ta 25 don aikawa, sannan kalmar sirri. Manhajar ta ƙi shiga. Na sake rubuta kalmar sirrin har sau biyar, na canza ta, na sake gwadawa, amsa dai ɗaya ce. Sai da dare ya raba na haƙura, washegari na kira ɗan ƙanwata da ke karatun kwamfuta.

Da ya duba sai ya yi murmushi ya ce, "Kawu, kalmar sirrinka daidai take, ƙofofin ne aka daina bi." Ya bayyana mini cewa lambobin da na rubuta na hanyar da ba a sirranta saƙo ne, kuma manyan kamfanonin imel sun koma hanyoyin da ake kulle saƙo kafin ya bar kwamfuta: 993 ko 995 don karɓa, 465 ko 587 don aikawa. Ya ƙara da cewa da yawansu ba sa yarda manhaja ta shiga da kalmar sirri kaɗai. Kamfanin Google, alal misali, ya rufe wannan hanya ga masu akwati na ƙashin kansu a 2022. Yanzu sai dai a bi tsarin OAuth2, inda shafin kamfanin ke buɗewa mutum ya tabbatar da kansa, shi kuma kamfanin ya ba manhajar izini. Cikin minti goma ya gyara, saƙonni suka fara zubowa.

Murnata ba ta daɗe ba. Na gangara har ƙarshen akwatin, sai na tarar saƙo mafi tsufa na 2017 ne. Babu ko ɗaya daga yayana. Na rubuta sunansa a wurin bincike, babu. Na duba kwandon shara, babu. Jikina ya yi sanyi, na fara tunanin abin da zan faɗa wa yarinyar ranar Asabar.

A nan ne ɗan ƙanwar tawa ya yi mini tambayar da ban taɓa yi wa kaina ba: da wane tsari tsohuwar kwamfutar take karɓar saƙo, POP ko IMAP? Shekara takwas ina amfani da ita ban san akwai bambanci ba. POP shi ne tsohon tsari, tun 1984 aka fara shi, kuma aikinsa kamar na ɗan aike ne da ke zuwa gidan waya ya kwaso wasiƙu ya kawo gida. Idan ba a umarce shi ya bar kwafi ba, akwatin gidan waya zai zama wayam. IMAP, wanda Mark Crispin ya ƙirƙiro a 1986, yana barin wasiƙun a sabar, wato babbar kwamfutar kamfani, kai kuma kana leƙa su daga waya ko kwamfuta. Lambar 110 da ke littafina ta POP ce. Ashe ni da kaina, tun ranar da na fara saita manhajar, na zaɓi a riƙa share saƙo daga sabar bayan an kwaso shi, domin kada akwati ya cika. Ke nan wasiƙun yayana wuri ɗaya kawai suke a duniya, cikin kwamfutar da saura kwana biyu a goge.

Muka jawo ta daga lungu, muka karkaɗe ƙura, muka kunna. Ta yi ta gurnani kafin ta tashi, amma ta tashi. Na buɗe manhajar, sai ga sunan yayana jere a kan allo, shekara bayan shekara. Cikin gaggawa na so in haɗa ta da intanet in tura wa kaina su, sai ta fito da gargaɗi cewa takardar shaidar tsaro ba ta da inganci. Wannan ma akwai dalilinsa: ɗan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfuta ya mutu, kwanan wata ya koma shekaru baya, kuma da agogo ake auna ingancin irin wannan shaida. Ɗan ƙanwata ya ce ma gara da hakan ta faru, domin da ta haɗu da tsohon saitinta, tana iya kwashe sababbin saƙonnin ta share su daga sabar.

Abin da ya yi ba ya buƙatar intanet. Ya rufe manhajar, ya nemo jakar da Thunderbird ke ajiye saƙonni, inda kowane akwati yake a matsayin fayil guda, ya kwafe ta a filash. A sabuwar kwamfutar ya zuba fayil ɗin cikin jakunkunan gida na manhajar, waɗanda ba su da alaƙa da sabar. Da muka sake buɗewa, wasiƙun suka bayyana da kwanakinsu da hotunan da ke maƙale da su.

Na rubuta wannan ne domin na san ba ni kaɗai ba ne. Malamai, 'yan kasuwa da ɗalibai da yawa suna da takardun aiki, rasit da wasiƙun iyali a imel, amma ba su san inda suke kwana ba. Kada kuma mai amfani da IMAP ya ɗauka ya tsira. A wannan tsari abin da ka goge a waya ya gogu a kwamfuta, kuma akwatin yana hannun kamfani ne, da sharuɗɗansa. Google na ba da gigabait 15 kyauta, kuma tun Disambar 2023 yana da ikon share akwatin da aka shekara biyu ba a taɓa ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Wanda ke da POP, rayuwar wasiƙunsa na rataye da rumbun kwamfuta ɗaya. Wanda ke da IMAP, tana rataye da akwati ɗaya. Kowannensu na buƙatar kwafi na biyu a wani wurin dabam.

Shawarata ga mai karatu ita ce ya buɗe saitin manhajarsa a yau ya duba wanne tsari yake kai. Idan POP ne, ya tabbata an zaɓi barin saƙo a sabar. Ya kwafe jakar saƙonninsa a filash ko wani rumbu lokaci zuwa lokaci. Kuma kada ya sayar da tsohuwar kwamfuta, ko ya ba da ita a goge, sai ya buɗe ya ga abin da ke ciki.

Ranar Asabar yarinyar ta zo. Na kunna mata kwamfuta na bar ta a falo. Bayan kamar awa ɗaya na leƙo, na tarar ta tsaya a kan wata wasiƙa ta 2012, inda mahaifinta yake tambayata ko ta fara rubuta sunanta da kanta. Ta ɗago ta ce, "Baffa, me ka ce masa?" Muka buɗe akwatin saƙonnin da aka aika, muka nemo amsar tare. Yanzu wasiƙun suna wuri uku: a kwamfutata, a filash da ke hannun mahaifiyarta, da kuma bugaggun takardu da ta tafi da su makaranta.