Maƙerar Gilashi A Bakin Ruwan Takoma

Takoma gari ne na bakin ruwa a jihar Washinton, can ƙuryar arewa maso yammacin Amurka, kimanin kilomita 50 kudu da Siyatil. Katako da jirgin ƙasa ne suka raine shi. A shekarar 1873 kamfanin Northern Pacific ya zaɓe shi ya zama inda layin dogonsa zai tuƙe, daga nan masana'antun yanka katako da na narkar da tama suka yi ta tsirowa a gaɓar teku, har garin ya yi ƙaurin suna wajen hayaƙi da wari. Da kasuwar waɗannan masana'antu ta ja baya, gadon da suka bar wa mutanen garin shi ne gurɓataccen ruwa da kangayen gine-gine. A 1983 gwamnatin tarayyar Amurka ta sanya gaɓar cikin jerin wuraren da gurɓatarsu ta kai sai an yi musu gyara na musamman. A kan wannan tsohon juji, a bakin mashigin ruwan Thea Foss, aka buɗe gidan baje kolin fasahar gilashi a watan Yulin 2002, wanda su suke kira Museum of Glass.

Mai zuwa daga tsakiyar gari a ƙafa zai bi ta gefen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1911, wadda yanzu ta koma kotun tarayya, ya hau wata gada mai tsawon ƙafa 500 da ta ƙetare babbar hanyar mota da layin dogo. Gadar kanta wurin baje koli ce, kuma ba a biyan ko sisi kafin a hau ta. A farkonta akwai rumfa mai rufin gilashi, an zuba abubuwa fiye da 2,000 a samansa, masu siffar halittun teku, ja da rawaya da shuɗi, ta yadda hasken rana ke ratsa su ya zubo wa mai tafiya a fuska da riga. Na ga mutane sun daskare a wurin sun ɗaga kai sama, har da wani dattijo da ya kwanta rigingine a ƙasa don ya ƙare wa abin kallo. Gaba kaɗan akwai hasumiyoyi biyu masu tsawon ƙafa 40 da suka yi kama da tulin ƙanƙara. Su ba gilashi ba ne, wani nau'in roba ne mai jure iska da sanyi, kuma a ganina su ne mafi rauni a cikin ayyukan gadar. Daga nan sai bango mai tagogi 109, kowace taga da tulun gilashi guda a cikinta. Duk wannan aikin Dale Chihuly ne, ɗan garin, wanda aka haifa a 1941.

Abin da ke fara ɗaukar ido a ginin shi ne wani ƙaton mazurari da aka kife, mai tsawon ƙafa 90, an lulluɓe shi da farin ƙarfe, ya ɗan karkace kamar zai kishingiɗa. Arthur Erickson, ɗan Kanada, shi ya tsara ginin, kuma ya ɗauko siffar ne daga tanderun da masu yanka katako na yankin ke ƙona dusar katako a ciki a zamanin da. Wato garin bai ji kunyar asalinsa ba. A cikin wannan mazurari maƙerar take, kuma ita ce zuciyar gidan.

Da shigarka zafi zai fara yi maka maraba, sannan rurin tanderu, wanda ba ya yankewa. An jera kujeru hawa-hawa kamar ɗakin lacca, a ƙasa kuma mutum biyar ko shida sanye da ƙananan riguna suna kai da kawowa. Akwai mai sharhi riƙe da makirfo yana yi wa 'yan kallo bayanin abin da ake ciki, yana kuma amsa tambayoyinsu. Na yi niyyar zaman rabin sa'a, sai da na shafe sa'a biyu da 'yan kai.

Asalin gilashi abu ne mai araha: yashi, da wani gishiri ɗan'uwan kanwa da ke sauƙaƙa narkewarsa, da farar ƙasa da ke hana ruwa cin sa daga baya. A cikin tanderu, inda zafi ya haura digiri 1,000 a ma'aunin Salshiyas, yakan koma kamar zuma mai ƙuna. Maƙerin zai zura dogon bututun ƙarfe ya naɗo curi guda, kuma tun daga wannan lokaci hannunsa ba zai daina juya bututun ba, domin da ya tsaya curin zai zube ƙasa. Zai mirgina shi a kan teburin ƙarfe, ya busa iska kaɗan, sai ka ga ƙwai ya buɗe a cikinsa. Wanda ya taɓa tsayawa gaban mai jan alewa zai gane rabin abin da ke faruwa, sai dai wannan alewar ba a taɓa ta da hannu. Kayan aikin ma babu wani abin mamaki a cikinsu: awartaki, da almakashi, da ludayin itace da ke jiƙe a bokitin ruwa, da tsohuwar jarida da aka ninka aka jiƙa. Da wannan jiƙaƙƙiyar jaridar maƙerin ke tallafar narkakken gilashi a tafin hannunsa yana sarrafa shi, tururi na tashi, takardar na baƙi amma ba ta kama wuta. (Ma'aikatan wannan jarida su yi haƙuri, na ga wani amfanin aikinsu da ba su san da shi ba.)

Cikin ɗan lokaci gilashin ke fara sandarewa, sai a koma da shi bakin wata wutar a sake tausasa shi, a dawo benci, a sake komawa, sau talatin ko fiye. Launi kuwa daga ma'adinai yake: kobal ke ba da shuɗi, tagulla ta ba da tsanwa mai ruwan bula, zinariya kuma, abin mamaki, ja take bayarwa. Lokacin da ya fi tsayar da numfashi shi ne na sauya sanda, inda mataimaki zai manna wata sandar a gindin tulun, maigidan ya ɗiga ruwa a wuyansa ya ƙwanƙwasa bututun sau ɗaya, tulun ya rabu da bututun ya koma kan sabuwar sanda. Idan mannin ya yi sako-sako aikin sa'a biyu zai tarwatse a ƙasa, idan ya yi ƙarfi kuma ba zai ciru ba sai da tabo. Kusan babu mai magana a tsakaninsu, ido da ɗaga haɓa sun wadatar. Bayan an gama, wani mai rigar kariya da hular ƙarfe zai rungumi tulun ya ruga da shi wani tanderun mai zafin kusan digiri 500, inda zai huce a hankali har kwana ɗaya ko fiye, domin gilashin da ya huce da gaggawa fashewa yake yi da kansa.

Sana'ar busa gilashi ta girmi shekara 2,000, kuma a yankin Sham aka faro ta. Mutanen Benis na Italiya suka kai ta ƙololuwa, musamman bayan 1291 da hukuma ta kwashe tanderun birnin zuwa tsibirin Murano, inda aka tsare sirrin sana'ar har aka hana gwanaye yin ƙaura. Abin da ake nunawa a Takoma jariri ne idan aka kwatanta da wannan. A 1962, a garin Toledo na jihar Ohayo, wani malamin jami'a mai koyar da ginin tukwane, Harvey Littleton, da wani masanin gilashi, Dominick Labino, suka nuna cewa ana iya narkar da gilashi a ƙaramin tanderu, ba sai a masana'anta ba. Chihuly ɗalibin Littleton ne. Ya je Murano a 1968 ya ga yadda ake aiki ƙungiya-ƙungiya, ya dawo ya shiga cikin waɗanda suka kafa makarantar Pilchuck a dajin arewa da Siyatil a 1971. Daga 1979 wani gwanin Murano, Lino Tagliapietra, ya fara zuwa makarantar yana koyar da abin da kakanninsa suka ɓoye. Wannan buɗe hannu shi ya mayar da yankin cibiyar gilashi ta duniya.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai game da Chihuly. Ya rasa idonsa na hagu a haɗarin mota a Ingila a 1976, kafaɗarsa ta goce a 1979, daga nan ya ajiye bututu. Shi ke zana abin da yake so, ya tsaya yana ba da umarni, wasu su busa, amma sunansa kaɗai duniya ta sani, kuma da sunan ake sayar da aikin da tsada. Masu kare shi na cewa mai tsara gini ma ba ya ɗora bulo. Hujjar ta karɓu, amma bayan na ga yadda gumi ke tsiyaya daga haɓar mai riƙe da sanda, sai na ji ta yi mini sauƙi da yawa. Mu ma a jami'a mun san wannan ciwon, na binciken da ɗalibai suka yi wahalarsa ya fito da sunan malami a gaba. Abin yabon wannan gida shi ne ya fito da masu gumin fili, har mai sharhi na kiran sunan kowannensu.

Ɗakunan baje kolin ba su da yawa, kuma ana sauya abin da ke cikinsu. A nan aka fara nuna babban aikin Preston Singletary a 2018, ɗan ƙabilar Tilingit, wanda ya zuba tatsuniyar mutanensa ta hankakan da ya sato wa duniya haske a cikin gilashi. Amma abin da ya fi burge ni shi ne shirin yara: yaro ya zana dodon da ya ga dama, a zaɓi zane guda, gwanayen maƙerar su ƙera shi yadda yake, da karkatacciyar ƙafarsa da idanunsa uku, ba tare da sun gyara masa komai ba. Guda biyu ake yi, ɗaya na yaron, ɗaya na gidan. Akwai kuma ajin da ake koya wa sojojin da suka dawo daga yaƙi da rauni a jiki ko a zuci.

Ina zaune a wurin tunanina ya tafi Bida. A unguwar Masaga ta ƙasar Nufawa akwai iyalan da suka gaji sarrafa gilashi tun kaka da kakanni, waɗanda ke cewa daga Masar asalinsu yake. A da su ke dafa ɗanyen gilashinsu daga yashi da kanwa, yanzu kuwa fasassun kwalabe suke narkarwa a tanderun laka da itace da zugazugi, su naɗe narkakken a sandar ƙarfe su fitar da awarwaro da duwatsun wuya. S. F. Nadel ya bayyana aikinsu a littafinsa na 1942 kan masarautar Nupe, kuma a 2021 hukumar UNESCO ta sanya Bida cikin biranen da ta amince da su a fannin sana'o'in hannu. A Ile-Ife ma masu haƙar tarihi sun gano shaidar cewa ana dafa gilashi tun wajen ƙarni na 11. Ke nan ba gwaninta muka rasa ba.

Abin da Takoma ke da shi wanda Masaga ba su da shi, na farko wuta ce. Tanderun wannan gida dare da rana yake ci, domin idan ya mutu gilashin cikinsa zai daskare, kuma tayar da shi aikin kwanaki ne. Ƙasar da ke ƙona iskar gas a banza a Neja Delta ba ta da bakin cewa ba ta da makamashin da za ta ba maƙera. Na biyu shi ne kujerun nan na 'yan kallo. Galibin gidajen tarihinmu ma'ajiyar abin da aka daina yi ne, a kulle cikin akwati da 'yar takarda a gefe, yaro ya shiga ya fita bai ga hannun kowa yana motsi ba. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya akwai sashen koyar da fasahar gilashi, Bida kuma tafiyar yini ɗaya ce daga can. Rumfa guda mai tanderun gas da benci talatin, inda dattijon Masaga da ɗalibin Zariya za su yi aiki tare a gaban 'yan makaranta, da sunan kowannensu a rubuce a jikin bango, ba za ta ci kuɗin shataletale ɗaya daga cikin waɗanda gwamnoni ke rushewa suna sake ginawa ba.