Wata huɗu ban sa hannu a kwanon ciyayya ba

Ɗinki ne sana'ata, kuma duk tela ya san yadda kwanakin gab da Sallah suke: kaya jibge har saman tebur, masu kaya na sintiri, wuta na zuwa tana ɗaukewa. Shekara goma sha biyar ina raba dare a kan keke, abin da ke riƙe ni shi ne shayi mai kauri. Mai shayin bakin layinmu a Zariya ba ya ma tambayata, madara ce da sukari cokali uku, sai burodi da soyayyen ƙwai. Idan ba azumi ake ba, da rana lemon kwalba biyu, ranar da zafi ya tsananta uku.

Abin da ya fi wannan muni shi ne raini. Na tashi da tuwon dawa miyar kuka, da na fara samun kuɗi sai na ɗauke shi abincin wahala. Na cika gidana da farar shinkafa da taliya da fulawa, ina ganin na fitar da iyalina kunya. Inna kan aiko mana da dawa da daddawa daga ƙauye bayan kaka, ni kuwa in sa a raba wa maƙwabta. Ban taɓa gaya mata ba.

Allura ce ta fara tona mini asiri. Na kasa zura zare, idona yana gani dishi-dishi. Ga ƙishirwa kamar na kwana a sahara, ga fitsari sau biyar kafin asuba. A asibiti aka ce in zo da safe ban ci komai ba. Likita ya nuna mini takarda ya ce idan awon sugan mai azumin dare ya kai 126, aka sake aka sami haka, to ciwon suga ne. Nawa ya wuce nan da nisa, jinina ma ya hau.

Ina da kawu da aka yanke wa ƙafa saboda wannan ciwo. Shi na riƙa gani duk sanda na rufe ido. Tsoron nan ne ya kai ni Facebook, inda na ci karo da masu tsarin cin abincin da ake kira keto. Ƙa'idarsu ita ce kada sitaci da sukarin da ke cikin abinci su wuce gram 50 a yini, wanda malmala ɗaya ta tuwo za ta iya cinye shi. Ba tuwo, ba shinkafa, ba fura, ba dankali, ba mangwaro. Nama, ƙwai, mai, sai ganye. Na rungumi abin hannu bibbiyu, na kuma ajiye maganin da aka rubuta mini ba tare da na koma wurin likita ba. Wannan shi ne babban kuskurena.

Gaskiya sugan ya sauka, tumbina ya zube. Amma ciwon kai ya zauna mini, bayan gida ya ƙi, barci ya zama rabi da rabi. Kuɗin cefanen gida kaf ya koma kan namana da ƙwaina, yara suna kallo.

A unguwarmu har yau ana ciyayya. Bayan magariba kowane magidanci a fito da kwanonsa, a shimfiɗa tabarma a ƙofar gidan dattijon layin, a ci na wannan a koma na wancan. A nan ake jin wanda ba shi da lafiya, da wanda bashi ya danne, da wanda zai aurar da 'ya. Tunda duk kwanukan tuwo ne da shinkafa, sai na daina fita. Na koma cin dafaffen ƙwai ni kaɗai a shago, ƙofa a sakaye. Wata huɗu. Ban gane cewa abin da ke sauke mini nauyin yini na yanke ba, sai da zuciyata ta yi ƙunci har gaisuwar mutane ta fara yi mini nauyi. Yaran shagona suka riƙa shiru idan na shigo.

Wata rana 'yata mai shekara bakwai ta tsaga mangwaro ta kawo mini rabi a faranti. Ta ce, "Baba, na rage maka." Na daka mata tsawa, na ture farantin ya kife a ƙasa, na ce so take ta kashe ni. Ba ta yi kuka ba. Ta tsuguna ta ɗauke mangwaron da ƙasa a jikinsa ta fita. Har yau idan na tuna ƙirjina sai ya yi zafi.

Maiɗakina ce ta kira ƙanwata, wadda ma'aikaciyar jinya ce. Ta zo ta zauna ta ce, "Yaya, abin da kake bi fa ba ƙarya ba ne, amma tun 1921 likitoci a Amurka suka tsara shi don yara masu farfaɗiya, kuma a ƙarƙashin kulawa ake yin sa. Wasu masu suga na amfana da shi, amma da sanin likitansu. Kai ka jefar da magani, ka jefar da mutane." Ita ta ba ni labarin wani gwaji da aka wallafa a 2017 a Ostireliya, inda aka ɗauki mutum 67 masu ciwon damuwa, aka taimaka wa rabinsu su koma cin hatsin da ba a cire wa dusa ba, da wake, da ganye, da kifi, bisa maganin da suke sha. Bayan mako 12, kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗannan sun sami sauƙi sosai, a ɗaya rukunin kuwa ƙasa da ɗaya cikin goma. Ina jin jerin abincin sai rumbun Inna ya faɗo mini a rai.

Muka koma asibiti, na koma kan magani. Mai ba da shawarar abinci ta zana mini faranti: rabi ganye, kwata tuwo, kwata wake ko kifi ko nama. Ta ce Hukumar Lafiya ta Duniya na so sukarin da ake ƙarawa kada ya wuce kimanin gram 50 a yini, wato ƙaramin cokali 12, in da hali ma 6, alhali kwalbar lemo ɗaya na ɗauke da kusan 9. Na lissafa nawa na da, na yi shiru. Gishiri kuma kada ya kai gram 5, ga shi dunƙulen da muke marmasawa uku-uku a miya kusan rabinsa gishiri ne.

Kada wani ya ɗauka tuwon dawa magani ne. Na gwada malmala uku, na auna, sugan ya tashi. Fura ma idan aka dama ta da sukari, ita da lemo 'yan gida ɗaya ne. Abin da ya yi mini aiki shi ne malmala ɗaya ta dawa ko gero da ba a surfe sosai ba, miya mai yawa ta kuka ko kuɓewa ko yakuwa da daddawa, kwaɗon zogale ko rama da ƙuli, wake, wani lokaci acca. Sai tafiya a ƙafa daga gida zuwa shago. Shayi ina sha, ba sukari. Sai da na yi mako uku kafin harshena ya daina nema.

Ranar da na sake fitowa da kwanona, dattijon layinmu bai tambaye ni komai ba, ya dai matsa ya ce, "Malam, bismillah." Na ci loma kaɗan daga kowane kwano, na cika da zogalen da na kawo, aka yi hira har isha'i. A daren na yi barci har kiran assalatu.

Da kaka ta zagayo na je ƙauye da kaina na ɗauko buhun dawar, na kuma gaya wa Inna inda na baya suka tafi. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ai ba a banza suka tafi ba, wasu sun ci." Ta ƙara mini kwano biyu na daddawa.

'Yata kuwa sai da bazara ta sake zagayowa kafin ta ƙara kawo mini mangwaro. Ta tsaya daga bakin ƙofa da farantin, ba ta shigo ba. Na tashi na karɓa, na yanka gida biyu, muka zauna a tabarma muka ci.