Yadda Muka Ɗaga Motarmu Muka Yi Da-Na-Sani

A wannan watan muna so mu ba ku labarin abin da ya same mu da motarmu, domin Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Mu uku ne uwa ɗaya uba ɗaya a zangon Kumasi, sana'armu fataucin doya. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, sai muka haɗa gadonmu da kason mahaifiyarmu muka sayi Toyota Hilux ta hannu, irin ƙirar da aka fara fitarwa a shekarar 2004, mai jan ƙafa huɗu. Da ita muke shiga ƙauyukan bayan Atebubu, wani lokaci mu haye tafkin Volta daga Yeji zuwa Makango mu nufi ƙasar Salaga. Duk wanda ya san hanyoyin gona na can da damina ya san wahalarsu. Manyan motoci da tarakta sukan haƙa ramuka biyu su bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota kuwa in ta hau tudun nan sai ta zauna a kan cikinta, tayoyi suna ta juyawa a banza.

Bayan mun kwana a daji sau biyu, sai muka yanke shawarar a ɗaga motar. Muka je Suame Magazine wurin wani dattijon bakanike, abokin mahaifinmu, muka ce masa, "Baba, inci uku muke so a ƙara mata, da manyan tayoyi." Ya daɗe yana kallonmu, sa'an nan ya ce, "'Ya'yana, in kun matsa zan ƙara inci biyu, ban wuce nan ba. Wanda ya ƙera ta ya auna kowane ƙarfe da ɗan'uwansa." Muka raina maganarsa, muka ɗauka tsufa ne. Muka tafi wani wuri aka sa mana zoben ƙarfe a kan sifirin na gaba, aka ƙara ganyen sifirin a baya, aka sa tayoyi masu inci 33 a maimakon na da masu wajen inci 30. Ranar da muka shigo da ita unguwa yara har tafi suka yi.

Wata na farko lafiya lau. Daga nan sai jijjiga ta fara tasowa daga ƙarƙashin kujera duk lokacin da aka taka mai. Aka duba aka ce kuros ɗin farfela ne, aka canja. Ba a jima ba robar shaf ta gaba ta yage, giris ya watse, laka ta shiga, kan shaf ya fara ƙas-ƙas in an karya kwana. Aka canja. Sai bal-joyin na sama, sai boris, sai tayoyin gaba da suka cinye ta gefe ɗaya. Kowane gyara mukan ce kayan zamani ne ba su da ƙarko. Ba mu taɓa zargin kanmu ba.

Abin da ya buɗe mana ido ya faru ne wata rana da la'asar, muna gangara da cikakken lodin doya zuwa wata 'yar gada. Ƙaninmu da ke tuƙi ya taka birki, motar ta yi kamar ba ta ji ba, ta riƙa rangaji dama da hagu, sai da ƙyar ta tsaya da ƙafa ɗaya a cikin kwata. Babu wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi, amma doya da yawa ta farfashe. Da muka isa gida mahaifiyarmu ta ce, "Kuɗina na yafe muku, amma kada ku kawo mini gawa."

Washegari muka koma wurin dattijon nan da kunya. Bai yi mana gori ba. Ya sa muka kwanta ƙarƙashin motar, ya riƙa nuna mana da sanda. Ya ce a irin wannan ƙira, tulun aksul na gaba a jikin shasi yake a ɗaure. In an ɗaga mota shi ma ya tashi, tayoyi kuwa suna ƙasa, sai shaf ɗin da ya kamata ya miƙe kusan sambal ya koma gangare. Kullum yana juyawa a karkace, ninkin robarsa yana gogar juna har ta yage. Haka farfela, haka bal-joyin, kowanne yana aiki a ƙarshen iyakarsa. Shokazoba ma ta riga ta miƙe, ba ta da sauran wurin saukowa in taya ta faɗa rami.

Sa'an nan ya nuna mana wani ƙaramin bawul a baya, mai siririn ƙarfe da ya haɗa shi da aksul. Aikinsa shi ne auna nauyin kaya: in bayan mota ya zauna, sai ya ƙara wa birkin baya ƙarfi. Mu da muka ɗaga bayan ba tare da an gyara shi ba, sai ya riƙa ɗauka kayan ba su da nauyi, ya rage birkin. Ga manyan tayoyi masu wuyar tsayarwa, waɗanda kuma suka sa allura tana nuna 80 alhali muna gudun kusan 88. Ga nauyi ya koma sama, shi ya kawo rangajin.

Maganar da ta fi yi mana ciwo ita ce ta ƙarshe. Ya buga tulun aksul na baya da sandarsa ya ce, "Wannan shi ke taɓa tudu, kuma sifirin ba ya ɗaga shi ko kaɗan. Taya kaɗai ke ɗaga shi. Inci uku da kuka ƙara wa taya, inci ɗaya da rabi ya ba ku." Ashe abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Yanzu mun sauke ta zuwa inci biyu, mun rage girman taya, an saita ƙafafu, an gyara bawul ɗin nan. Mun rage lodi, kuma in ruwa ya yi yawa mukan biya mai tarakta ya fito mana da doya bakin titi. Kuɗin da muke ba shi bai kai abin da muka zuba a gyara ba.

Saboda haka 'yan'uwa direbobi da fatake, ba mu ce kada kowa ya ɗaga motarsa ba. Amma kafin a sa mata hannu, ku tambayi bakanike abin da zai yi da shaf, da farfela, da tiyon birki, da bawul ɗin baya. In ya ce ba komai, ku ɗauki makullinku ku yi gaba. Allah ya kiyaye hanya, ya sa mu dace, amin.